Salati Ɗari Biyu, Sai Ka Yi Hagu

Ranar da aka jera kujeru a layinsu na unguwar Sa'alaba, a Jidda, don zaman makokin Kawu, na ga mutanen da ban taɓa sanin sun san shi ba. Dangi sun zo, wannan dole ne. 'Yan unguwar Ruwais, inda ya yi aiki, sun cika mota biyu, tsofaffin abokansa na Sudan sun zauna a gaba da fararen rawunansu suna jan carbi. Amma a bayansu ga ɗan Yaman mai gasa burodi a bakin titi, ga ɗan Bangaladash mai sharar unguwa da rigar aikinsa, ga Balaraben nan mai kantin magani wanda ban taɓa ganin ya taka gidan kowa ba.

Mai burodin ya riƙe hannuna ya ce shekara talatin bai duba agogo ba kafin ya manna kwaɓin farko a tanderu. Da ya ji takun tsohon nan ya wuce bayan sallar asuba, ya san wuta ta yi. Tun da Kawu ya kwanta, in ji shi, burodinsa ko ya fito ɗanye ko ya ƙone. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Mai kantin magani kuwa cewa ya yi duk unguwar nan babu gidan da Kawu bai karɓo wa magani ba, kuma bai taɓa yarda ya zauna a kujera yana jira ba. A tsaye yake, yana sauya ƙafa, da an miƙa masa leda sai ka nemi mutum ka rasa.

A sama, wajen mata, 'ya'yansa uku sun yi kuka har muryoyinsu sun dushe. Umma, mahaifiyata, wadda ita ce autarsu Kawu, idonta a bushe yake. Ta zuba gahawa, ta raba dabino, duk wadda ta yi addu'a ta amsa mata da amin. Sai dai kwana ukun nan ban ji ta buɗe baki da kanta ta ce Allah Ya jiƙan yayanta ba. Na lura, domin na san dalili, kuma abin ya dame ni fiye da mutuwar kanta.

Ni haifaffen Jidda ne, Larabci ya fi zama a bakina. Da Hausa nake rubuta wannan saboda da ita Kawu ya bar mini saƙonsa, kuma ina tsoron nan da shekara goma a ce an taɓa yin wani tsoho mai gudu a Sa'alaba, shi ke nan a wuce wurin.

Kawu gajere ne, siriri, duk jikinsa jijiya. Gadin wani dogon gini ya yi a Ruwais har ƙarfinsa ya ƙare, shi ke kula da tankin ruwa da famfunansa. Ba shi da kayan gudu. Jallabiyarsa yake naɗewa zuwa gwiwa ya ɗaure a ƙugu, ya saka wani takalmin yadi da ya sha ɗinki. In yana gudu leɓunansa na motsi, babban yatsansa na bin gaɓoɓin yatsu, salati ɗaya a kan taku takwas, bai taɓa kuskurewa ba. Kowa ya tare shi da gaisuwa sai ya ɗaga hannu bai tsaya ba, ya ce, "Yi haƙuri, magani nake kaiwa." Mutanen unguwa sun ɗauke shi barkwanci, har wanda ya makara zuwa wurin aiki kan faɗi haka in an tsayar da shi.

Mu a gida mun san ba barkwanci ba ne. A wani ƙauyen Hausawa na Jazira, a Sudan, aka haife su: Kawu, sai ƙanensa, sai Umma. Tun kafin a aurar da Umma samarin biyu suka yi arewa, suka shiga Masar da niyyar samun aikin jirgin ruwa a Iskandariyya. Jirgi bai samu ba. Suka ƙare a wata gona gabas da birnin, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da Kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum. Da yake sun taso a gonakin ban-ruwa, aka ba Kawu aikin buɗe ƙofofin tur'a, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa tsakanin gonaki. Ba shi da agogo, don haka da salati yake auna rabon ruwan kowace gona da nisan da ke tsakanin wannan ƙofa da waccan. A can lissafin nan ya zauna masa a yatsu.

Wata safiya zazzaɓi ya kayar da ƙanen. Kawu ya ruga garin bakin teku wajen mai allura, ya karɓi magani ya juyo. Ya iske rai ya yi halinsa. Aka binne shi a gefen maƙabartar ma'aikatan gona, bayan kwana uku Kawu ya bar ƙasar bai sake taka ta ba. Ya koma gida da hular ƙanensa kawai. Umma, wadda duk duniya ba ta da kamar wannan ɗan'uwan, ta dube shi a tsakar gida ta ce, "Da ka yi sauri." Bai kare kansa ba a ranar, bai kuma taɓa karewa ba har ya koma ga Allah.

Ba wai sun yi gaba ba. Bayan ya zo Jidda ya zauna, shi ya nemo wa mahaifina kafili, wato mai ɗaukar nauyin baƙo, ya kawo su, shi ya yi ta zirga-zirgar iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ranar da aka haife ni shi ya yi mini huɗuba a kunne. Ita kuma ba ta taɓa dafa wani abin kirki ba ta aika masa da kwano ba. Amma maganar nan tana nan a tsakaninsu, kowa na kewaye ta.

Sau ɗaya na ga ta fashe. Ranar Ƙaramar Sallah ce a gidanmu na unguwar Safa, an gama cin abinci, Kawu ya jawo ni gefe ya fara karanto mini hanyar kabarin ƙanensa kamar yadda ya saba: ka tsaya a gadar ƙarfe inda babban magudani ke zuba cikin teku, ka ba teku baya, salati ɗari biyu, sai ka yi hagu. Umma ta ajiye faranti da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara.

"Yaya, don Allah ka ƙyale mini ɗa," ta ce. "Gudun da ya kamata ka yi ba ka yi shi a lokacinsa ba. Yanzu shekara nawa kana zagaye Jidda, wa kake kai wa maganin?"

Kawu ya sunkuya ya saka takalminsa, ya ɗaure igiyar a tsanake, sannan ya ce, "Gaskiyarki, Auta. Ban isa da wuri ba." Ya yi wa kowa barka da Sallah ya fita. Na leƙa ta taga na gan shi ya naɗe farar jallabiyar Sallarsa, ya kama hanyar Sa'alaba a ƙafa cikin ranar nan. Na ji haushin Umma, na kuma ji tausayinta, domin tana shiga kicin ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Ni ma ɗin ba ni da bakin magana, don na daɗe ina ɗaukar hanyar nan tatsuniyar tsofaffi. A lokacin a kan inji nake gudu, a ɗakin motsa jiki mai sanyi, da agogo mai auna bugun zuciya. Ranar da na kai Kawu ya gani, ya tsaya yana kallona har na sauko, sannan ya ce na tuna masa da raƙumin matse man riɗi na ƙauyensu, wanda ke wuni yana tafiya bai bar rumfa ba. Kunya ta sa na fara binsa bakin teku kowace Juma'a da sassafe.

A nan na gane Kawu ba a Jidda yake gudu ba. Ga Bahar Maliya a gefenmu, ga motoci, ga dogayen gine-gine, shi kuwa sai ya ce, "Yalla, ga tur'ar nan, yi hagu." Bayan salati ɗari da hamsin a gindin dogayen itatuwa masu kare iska, sai ya ɗan ɗaga ƙafa ya ce mun haye gungumen dabino. Daga nan ɗari uku a tsakiyar barsim, ciyawar da suke noma wa dabbobi. Yakan ce in iskar teku ta bi ta kanta sai ka ga duk ƙasar tana tafiya tare da kai. A ƙarshe akwai ɓaure guda ɗaya, bukkarsu na gindinsa, maƙabartar na bayansa. Ba ya tuna sunan gonar, an ce ma mai ita ya daɗe da mutuwa an rarraba ta. Lissafin nan na ranar da ya dawo da magani shi ne kaɗai abin da ya rage a duniya mai kai mutum ga kabarin.

Ni da wayona sai na auna. Na danna agogo muna gudu kafaɗa da kafaɗa, na ga nisan da salati ɗari biyu na Kawu ke ci, na rubuta a waya, na yi wa sauran haka. Na nuna masa ina alfahari, na ce khalas, shi ke nan, yanzu ko da mota sai in je. Ya karɓi wayar ya juya ta ya miƙo mini.

"Ya waladi, ɗana, agogon nan bai je can ba," ya ce. "Da ƙafa za ka je. Salatin kuma da baki za ka yi shi, ba a zuci ba."

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, wata bakwai. Ƙafafun nan da suka auna Jidda suka zama sai an ɗaga. Amma duk asuba, in an gama yi masa alwala ya yi salla, sai ya rufe ido, yatsan hannun da ke motsi ya fara tafiya a kan bargo. Babbar 'yarsa ta ce in ta kawo shayi a lokacin ba ta magana, jira take sai ya kai ɓaure. Na sha zama ina kallonsa, ƙirjinsa na hawa da sauka, gumi na tsattsafo masa a goshi alhali yana kwance. Tsoro da girmamawa suke kama ni a lokaci ɗaya. Ban taɓa ganin mutum ya riƙe abu ɗaya haka ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya sa na maimaita masa hanyar daga gada har ɓaure. Harshensa ya yi nauyi, sai da na kai kunne bakinsa.

"Na kafa ƙarfen buɗe tur'a a wajen kan ƙanena," ya ce. "In ka je, ka yi masa sallama. Ka ce masa na zo da maganin."

Mun binne Kawu a Jidda, inda ba a rubuta suna a kan kabari, kuma ya sha faɗin cewa hakan ya yi masa daidai. Da sanyi ya shigo na ɗauki hutu, na yi bizar fita da dawowa, na tafi Masar. Umma ba ta hana ni ba, ba ta kuma sa mini albarka a tafiyar ba. Cewa kawai ta yi in tafi da rigar sanyi.

Gadar ƙarfen tana nan, ba ta yi wuyar samu ba. Da na ba teku baya na dubi gabana, sai da na ce Allahu Akbar. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Babu tudu, babu dutse, babu inda ido zai tsaya ya huta. Kore ne shimfiɗe har inda sama ta sauko ta taɓa shi. Barsim, alkama sabuwar fitowa, gonakin lemo da 'ya'ya sun yi nauyi, fararen balbelu na bin bayan ɓauna. Iska mai gishiri tana tura ni ta baya, ƙasar kuma baƙa ce mai laushi, tana karɓar ƙafa. Duk abin da tsohon nan ya faɗa a bakin tekun Jidda ga shi a gabana, har warin taɓo.

Sai dai akwai abin da bai faɗa ba, ko kuma ya faɗa ban ji ba. Tur'o'in da ke yin hagu daga magudanin nan ba su ƙirguwa, kuma duk kamarsu ɗaya. Na bi agogona, da ya nuna nisan da na rubuta na ga tur'a a hagu, na shiga. Babu dogayen itatuwa. Na ce an sare su ne. Na ci gaba har na ƙare a bayan wata gonar kaji. Kashegari na gwada tur'ar gabanta da ta bayanta, na tambayi mutane ɓaure, kowa ya nuna mini wani daban. Da la'asar na dawo gada ƙafafuna duk taɓo, zuciyata ta fara raya mini cewa ko dai ƙasar ta canza, ko kuma Kawu ya shekara hamsin yana gudu a kan hanyar da ƙwaƙwalwarsa ta ƙera. Tunanin abin da zan ce wa Umma ya fi komai yi mini ciwo.

Wani dattijon manomi da ya ga wucewata sau huɗu ya tsayar da jakinsa ya tambaye ni abin da na ɓatar. Na ba shi labari, har na nuna masa wayar, na gaya masa yadda na auna takun Kawu da kaina. Ya saurara yana ɓare lemo, ya miƙo mini rabi, sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

"Shi kawun naka, shekarunsa nawa ranar da ya yi gudun?"

Lemon ya tsaya mini a baki. Takun tsoho mai shekara saba'in da biyar na auna, mai gudun safe a hankali yana hira da ɗan ƙanwarsa. Wanda ya yi lissafin nan kuwa saurayi ne ɗan ashirin da uku, da magani a hannu, ƙanensa na kwance a bukka.

Da safe na koma gada. Na cire agogon na jefa a aljihu. Na ba teku baya, na yi bisimilla, na saki ƙafa iyakar abin da Allah Ya ba ni, salati a baki, yatsa na bin gaɓa. Na wuce tur'ar da na shiga ranar farko ban kai ɗari da ashirin ba. Na wuce ta biyu, na wuce ta uku. Ƙirjina ya ɗauki wuta, salatin na fita guntu-guntu, amma ban rage ba. Ina cika ɗari biyu, ga wata 'yar tur'a a hagu da tsohuwar ƙofar ƙarfe da tsatsa ta ci, ga dogayen itatuwa sun jeru a bakinta, sun yi kaurin da mutum biyu ba za su rungume ba. Na yi hagu.

Ɗari da hamsin ta sauke ni daidai wurin hayewa. An maye gungumen dabinon da siminti, amma wurin bai gusa ba. Na faɗa cikin barsim. A nan ƙarfina ya ƙare. Ban cika ɗari da arba'in cikin ɗari ukun ba gwiwoyina suka ƙi, na durƙusa a bakin gona ina amai, idona na ganin duhu. Da na ɗago kai, can nesa a ƙarshen koren nan, ga ɓaure guda ɗaya tsaye. Da tafiya na ƙarasa, ina jan ƙafa.

Bukkar babu ita. Maƙabartar tana nan da gajeriyar katanga, wata tsohuwa mai tsinkar ganye a kusa ta ce ai kowa ya san kabarin ɗan Sudan, tun tana yarinya ake ce musu kada su taka. Ta kai ni gefe, wajen katangar. Ƙarfen yana nan, ya lanƙwashe, tsatsa ta mai da shi ja. Na yi sallama, na yi addu'a, na isar da saƙon Kawu kamar yadda ya ba ni, kalma da kalma. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina kuka ba.

Sannan na kira Umma a wayar bidiyo. Ta ga fuskata ta tambaya ko lafiya, don numfashina bai gama dawowa ba. Na gaya mata komai: kuskuren agogo, tambayar manomin, inda na faɗi.

"Umma, ni da nake gudu kullum, da ƙoshina, da takalmin kirki, ban kai rabin gonar barsim ba a kan takunsa. Shi kuwa dawowa ce wannan. Ya riga ya yi zuwan."

Sai Umma ta ce in juya wayar ta ga ɗan'uwanta. Na juya. Ta daɗe tana kallon ƙarfen nan, ina jin motsin bakinta tana addu'a. Da ta sake magana muryar ba tata ba ce.

"Ashe ya yi sauri," ta ce. "Allah Ya jiƙan Yaya. Allah Ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini."

Allah Ya amsa mata. Ya yalwata wa Kawu makwancinsa a Jidda, Ya yalwata wa ƙanensa nasa a gindin ɓaure, Ya haɗa su inda babu zazzaɓi kuma babu nisa. Mu da muka rage, Ya sa mu cika da kyau.

Da na dawo, Umma ta sa na zauna na koya mata hanyar. Gwiwoyinta ba sa kai ta ko bakin titi, kuma ta san ba za ta taɓa ganin ƙasar nan da idonta ba. Amma yanzu duk asuba, in ta idar da salla, tana zama a kan dardumarta a gidanmu na Safa ta rufe ido, yatsanta ya fara bin gaɓa. Rannan matata ta shigo mata da shayi ta gaishe ta. Umma ta ɗaga hannu ba ta buɗe ido ba, ta ce ta yi haƙuri ta ɗan jira, ba ta kai ɓaure ba tukuna.